Katin da Na Hana wa Ruwa

Ku da kuke zuwa kuna tambayata yadda ake buɗe shagon gem, wato wasan kwamfuta, ku gyara zama. Kuna ganin abin ba wuya: a sayo kwamfuta, a jona wuta, a ajiye benci, mutane su zo su yi ta dannawa, mai shago ya miƙe ƙafa. Haka ni ma na ɗauka sa'ad da nake leƙowa daga cikin gida ina ganin ɗana Bello zaune a bakin ƙofa, ya jingina da bango. Ashe zaman nan nasa saurare yake yi.

Shagon yana jikin gidanmu a Jega Magaji, ɗaki ne guda da aka fasa wa ƙofa ta waje. Bello ya zuba kwamfuta huɗu a ciki. Da Allah ya karɓi abinsa, sai ya bar mini 'ya'ya uku da ɗakin nan. Sana'ata ta da ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa, amma baya ya riga ya ƙi duƙawa gaban turmi. Da aka yi sadakar arba'in na ɗauki makulli na buɗe. Ban yi boko ba, ko baƙi ɗaya na Nasara ban sani ba. Abin da na sani kawai, ga inda ake dannawa ta tashi, ga inda ake dannawa ta kwanta.

Aikin farko da ya same ni, kwamfuta ta biyu daga ƙofa ce ta fara kuka kamar injin markaɗe da tsakuwa ta faɗa wa. Na naɗe ta a zane, na shiga mota zuwa Aliero, wurin Malam Usmanu mai gyara, wanda shi ne yake yi wa Bello aiki. Ya kwance gefenta, ya zaro wani faifan ƙarfe mai fanka a jiki, tsawonsa bai wuce takalmin yaro ba.

Ya ce, "Inna, kin ga wanga? Shi aka ce ma kati. Duk abin da yara ke gani a gilashi, shi ke zana shi. In ya ji daɗi, hoto ya gudu. In ya gaji, hoto ya yi ɗingishi."

Ya sa ɗan tsinke cikin fankar, ya jawo ɓawon albasa, ya sake jawowa, ya sake, har ya tara abin da zai cika tafin hannu. Motocin albasa a ƙofar shagona suke tsayawa kafin su ɗauki hanya, iska kuma ta kwaso ɓawon ta shigo da shi.

Ya ce, "Bello duk sati shina cire wanga. Wa zai riƙa cire maki?"

Na ce, "Ni."

Ya dube ni, ya dubi hannuwana, bai yi dariya ba. Ɗaliban da ke zaune a shagonsa ne suka yi.

Damina guda da rani guda na yi ina zuwa Aliero duk Alhamis. In ƙulla masa ƙuli-ƙuli a leda, in zauna kan kujerar tsugunne a gefensa tun hantsi har azahar. Ya ce tun da ba na karatu, to, in yi da kunne da hanci da bayan hannu. Fanka tana da kuka uku. Akwai na lafiya, siriri, kamar sauro daga nesa. Akwai na datti, mai kaushi. Akwai kuma na wahala, wanda yake hawa yana sauka kamar numfashin mai hawan tudu, shi ne wanda in kin ji sai ki tashi tsaye. Hanci kuwa, in kika ji ƙaurin roba, to kin makara. Bayan hannu shi ne na zafi, kamar yadda ake taɓa goshin jariri: akwai ɗumin da ba komai, akwai wanda hannu ba ya iya daɗewa.

Kayan aikina suna cikin tsohon kwanon sha har yau. Sukundireba biyu, babba da ƙarama. Burushin haƙori. Gashin zabo guda uku, don sun fi na kaza ƙarfi, suna shiga tsakanin haƙoran ƙarfen da ke bayan fanka. Kwalbar sifirit. Murfin kwalba na zuba ƙusoshi. Da wani mai ruwan toka a cikin sirinji, wanda ake ɗigawa a zuciyar kati don ya miƙa zafi ga ƙarfe. Ranar da ya fara ba ni in sa, na lafta shi da yawa, ina ganin alheri nake yi.

Ya ce, "Inna, ba man shanu ba ne bisa tuwo. Awa ƙwayar wake, shi ke nan."

Ya goge, na sake. Ya goge, na sake. Sau biyar.

Sayen katin hannu ma a wurinsa na koya, ko da yake ban taɓa samun halin saye da yawa ba. A ɗaga shi a hannu kamar kaza, mai nauyi ya fi. A dubi kan ƙusoshi, in sun cinye, an sha buɗe shi. A shinshina. Sannan a ce wa mai sayarwa ya sa shi a kwamfuta, a kunna gem, a zauna gwargwadon dahuwar shinkafa. Wanda ya ce yana sauri, a bar masa kayansa. Na ga wani saurayi daga Maiyama ya kawo wa Malam Usmanu kati cikin kwali mai sheƙi, da zanen dodo a jiki, da aka buɗe ashe tsohon kati ne aka sa wa sabuwar riga. Kwali ba ya gem.

Kwamfutocina huɗu ba daidai suke ba. Uku suna da kati masu ƙarfi, waɗanda Bello ya sayo daf da rasuwarsa. Ta huɗu tana can lungu, a saman wata kanta, kusa da taga. Katinta tsoho ne tun da aka sayo shi, mai ƙaramin ƙarfi da suke ce wa giga biyu, fanka guda, an ɗaure wayarsa da zaren buhu. Samari suka sa masa suna Dattijo. Ba mai zama gabansa sai an rasa wuri.

Mutanena kuwa ba yara ba ne kamar yadda kuke zato. Da hantsi shago shiru. Bayan azahar mahauta su wanke hannu su zo, wankin da ba ya fitar da kitse, sai na bi fad, abin da suke riƙewa suna dannawa, da tsumma da sifirit. Bayan la'asar direbobi da 'yan kamasho su taho daga tasha. Ɗalibai sai lokacin hutu. Akwai wani Bafillace daga wajen Karaye, magidanci, duk ranar kasuwa in ya sallami dabbobinsa sai ya zo ya ce a sa masa gem ɗin mota. Ba ya tsere da kowa. A hankali yake tuƙi, yana kallon gari, in ya ga mutum a titi ya tsaya ya wuce. In lokacinsa ya cika ya yi godiya ya tafi.

Amma ginshiƙin shagon mutum biyu ne: Garba mahauci da Ɗan'asabe direba. Ƙwallo suke bugawa, kowa da mutanensa a bayansa, mahauta ta nan, 'yan tasha ta can. In su biyun suka zo, shago ya cika, in ba su zo ba, sai ƙudaje. Garba jikan yayata ne, don haka wasan jika yake yi da ni. Ba ya shigowa sai ya ce, "Amarya, ina abincina?" ni kuma in ce, "Mijin da bai kawo cefane ba, ya ci benci."

Ana nan, ana nan, sai aka yi wata bazara da ban manta ba. Zafi tun hantsi, bango kamar tanda. Da azahar ta yi sai fankoki su fara kukan wahala, can sai kwamfuta ta ɗauke ɗif, ana tsakiyar wasa. A jira ta huce, a tayar, ta sake ɗaukewa. Malam Usmanu kuma ya tafi Jiga Makera jinyar mahaifinsa, shagonsa a rufe, wayarsa ba ta shiga.

Na zauna na yi tunani irin na mace. Tun ina yarinya na san maganin zafi. Randa a kan jiƙaƙƙen yashi take zama, a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu, ko rana za ta narka dutse ruwan cikinta sanyi ƙalau. Na ce, to, mene ne bambancin? Na sa aka ɗebo mini yashi daga gulbi, na zuba a manyan farantai uku, na jiƙa, na ɗora kwamfutocin nan uku masu tsada. Na samo buhunan algarara, na tsoma a ruwa, na matse, na yafa musu. Safe in yayyafa, azahar in yayyafa. Dattijo kuwa na ce ya ji da kansa. Ruwan sayensa muke yi wurin 'yan garuwa, ban ga dalilin ɓata shi a kan tsohon da ba mai so ba.

Abin da ya cuce ni shi ne, dabarar ta yi aiki da fari. Kwana huɗu ba wadda ta ɗauke. Garba ya shafa buhun ya ce, "Kun gani? Abin da tsohuwa ta hango zaune. Amarya, na ƙara maki sadaki." Har wani ɗan kamasho ya ce zai gaya wa mai cajin waya na tasha ya yi haka.

Cikin sati na biyu ta farko ta fara fitar da zane kore da ja a gilashi, 'yan wasa suna tsagewa gida biyu. Washegari ta ƙi tashi. Na ce zafi ne ya fi ƙarfin ruwan, sai na ƙara wa sauran biyun. Ku ji da kyau: ƙara musu na yi. Bayan kwana uku ta biyu ta bi ta. Ta uku ina tsaye a kanta da kwanon yayyafi na ji ta yi ƙara kamar an fasa gyaɗa, sai ƙaurin roba ya tashi.

Da Malam Usmanu ya dawo, da kansa ya zo Jega. Ya ɗaga buhun da yatsa biyu. Ya dubi yashin. Ya kwance ta farko, ya zaro katin, ya kai bakin ƙofa wurin haske. Duk jikinsa ya yi tsanwa, irin wadda tsohuwar munduwar tagulla ke yi in ta daɗe a ƙasan adaka.

Ya ce, "Inna, wa ya ba su ruwa?"

Na ce, "Ni."

Ya ajiye katin a kan benci. Can ya ce, "Randa ƙasa ce, ruwa ɗan'uwanta na. Wanga ƙarfe na da wuta. Laihina na, na koya maki zafi ban koya maki laima ba."

Ya tafi da su Aliero, ya wanke da sifirit, ya gasa, ya yi duk abin da ya sani. Ko ɗaya bai farfaɗo ba, kuma ba katin kaɗai ba, har babban faifan cikin kwamfuta da suke zaune a kai ya tafi. Ya dawo ya hau benci ya sauko da Dattijo daga kanta, ya buɗe. A bushe yake ƙayau, ɓawon albasa kawai. Ya kunna, ya tashi da siririn kukansa.

Na tambaye shi, in na sayar da shi fa? Ya ce a kasuwa kuɗinsa ba zai sayi ɗan akuya ba. Ya ce, "Darajarshi ba ta ga saidawa, tana ga aiki. Muddin shina tashi, kina da shago."

A daidai wannan lokaci wani ya buɗe sabon shago kusa da tasha, da kwamfutoci sababbi, da fanka a kowane lungu, da sabon gem ɗin ƙwallo da ya fito. Ɗalibai suka kwashe. Mahauta da 'yan tasha suka ɗan jure saboda kunya, suna layi a kan kwamfuta guda, suna buga tsohon gem. Wata rana Garba ya tsaya bayan kowa ya fita. Bai ce amarya ba.

Ya ce, "Kaka, ba ni ɓoye maki. Mutane sun ga sabon gem. Ran Juma'a bayan la'asar za mu kara ni da Ɗan'asabe, kuma sabon za mu buga. In Dattijo ya ɗauka, nan za mu zamna. In bai ɗauka ba, za mu tasha, kada ki ce mun yi maki butulci."

Na ce, "Na ji." Na san in su biyun suka tafi, sai in rufe ƙofar, tukunyar yaran nan uku kuma daga ƙofar nan take tafasa.

Ranar Laraba Malam Usmanu ya zo ya sa sabon gem. Da aka kunna, abin ba kyan gani. Kyau kam akwai kyau, ciyawa tsili-tsili, mutane maƙil suna ɗaga tuta, har zufar 'yan wasa ana gani. Amma ɗan wasa ya ɗaga ƙafa sai ya tsaya, sai ka gan shi can gaba, ƙwallo kuma ta ɓace ta ɓullo wani wuri. Fanka ta hau kukan wahala tun ba a yi nisa ba.

Ya ce, "Kaya sun yi mai yawa. Jaki tsoho, sai a rage mai."

Ya shiga wurin da ake saiti, ya fara saukewa. Ya cire inuwa. Ya cire 'yan kallo. Ya mayar da ciyawa kamar tabarma. Ya rage kaifin hoto har fuskoki suka zama kamar na 'yar tsana. Duk abin da ya cire sai ya gwada, ɗingishin ya ragu. Da ya gama, 'yan wasa suna gudu sumul a fili fetal. Tun da ba na karatu, da ƙirga ya koya mini, don in saitin ya koma in iya mayarwa: layi na biyu, hagu sau uku, layi na huɗu, hagu sau ɗaya, tsallake biyu, hagu har ya ƙi tafiya. Na riƙe shi kamar ƙirgar saƙar faifai. Ya canza man zuciyar kati, ya cire murfin gefe ya jingina da bango. Ya ce ɗan janaretana ba zai ja kwamfuta da gilashi da babbar fanka ba, don haka in wuta ta ɗauke, sai mafici.

Ranar Juma'a ba wuta. Na tayar da janareta, na bi ƙirgata, na jawo kujera gefen Dattijo, na ɗauki maficina na kaba. Ɗaki ya cika har waje. Aka kunna.

Wani mahauci ya ce, "Inna, ina 'yan kallo?"

Na ce, "Sun tahi gona."

"Ciyawa hwa?"

"Shanu sun cinye."

Garba ya matso da fuska kusa da gilashi ya ce, "Waɗanga mutane ba su da inuwa. Amarya, aljanu kinka kawo muna?"

Ɗan'asabe ya ce, "Zamna ka buga. Ko da inuwa ko babu, kashi za ka sha."

Aka fara. Ni ban kalli gilashi ba, ban san wa ke gaba ba sai daga hayaniyar mutane. Kunnena yana ga fanka, hannuna na dama yana fifita, bayan na hagu yana kusa da ƙarfe. Rabin farko ya wuce da kukan lafiya. Da aka je hutu na ce su fita su sha iska, numfashinsu ma zafi ne. Suka fita suna gunaguni. Na taɓa, hannu bai iya daɗewa ba. Na canza hannu na ci gaba.

A rabi na biyu kukan ya fara hawa yana sauka. Kafaɗata ta mutu, ina ɗaga maficin kamar ina ɗaga taɓarya. Ana kunnen doki, saura kaɗan a tashi, na ji mahauta sun miƙe tsaye, Garba ya kai bakin raga. A nan Dattijo ya riƙe numfashi. Hoton ya tsaya cik, gwargwadon ƙiftawar ido biyu. Da ya saki, ƙwallo tana ƙafar Ɗan'asabe. Ya ja ta har can ya zuba a ragar Garba. Aka tashi.

Garba ya ajiye fad a kan benci da ƙarfi. Na sauke mafici a cinya. Na ce a raina, shi ke nan, gobe sai in nemi mai sayen benci.

Ya ce, "Kowa ya gani. Kati ya cuce ni."

Ɗan'asabe ya ce, "Jaki guda munka hau, malam. Ni mi ya hana shi kada ni?"

Wani daga baya ya ce a tafi tasha a sake, can ba a tsayawa. Mutane suka fara neman takalmansu.

Ɗan'asabe yana gyara hula ya ce, "Ku tahi. In ya ci ni can, inji ya ci mai. Ni dai na sani, gaban Dattijo na yanka mahauci, kuma gobe duk tasha za ta ji."

'Yan tasha suka kwashe da dariya. Garba ya tsaya da takalmi guda a ƙafa. Ya dubi Ɗan'asabe, ya dubi kwamfutar, ya cire takalmin.

Ya ce, "Nan anka kada ni, nan za ni tashi. Gobe, wanga wuri, wanga kati, kada a taɓa komi." Sai ya juyo gare ni. "Ke kuma amarya, fifitarki ba ta da ƙarfi. Da kin ba shi iska da bai tsaya ba."

Na ce, "Hannu ya tsufa. Mai son iska ya kawo nashi."

Washegari ya zo da maficin da yake kore ƙuda a teburin namansa, babba, yana warin kitse. Ya miƙa wa wanda ke bayansa a layi ya ce ya yi ta yi, in hoto ya tsaya shi zai tuhuma. Daga ranar ta zama doka a shagon: mai jiran layi shi ke fifita, kuma ba wanda yake wasa da ita, don kowa ya san in ya zauna wani ne zai yi masa.

Bazara biyu ke nan muna haka, kwamfuta guda, benci biyu. Ban iya ƙara ta biyu ba. Duk sati ina kwance Dattijo in bi shi da gashin zabo, duk shigar zafi in ɗiga masa ƙwayar wake. Malam Usmanu ya ce gem ɗin da zai fito nan gaba ba zai shiga ba ko an yi yaya, don ba sauran abin cirewa sai 'yan wasan kansu. Na ce Allah ya kai mu.

Jiya ma Garba ya sha kashi, biyu da nema. Ya ce gobe.